JAKAR BARCIN JARIRAI: KO TA CANCANCI A SAYA?

  

Duk wanda ya tsaya wajen masu baje kayan gwanjo a kasuwar Meiganga ko ta Ngaundere a 'yan shekarun nan, ko ya ga an buɗe akwatin kayan jariri da aka aiko daga Duwala ko Yawunde, zai iya cin karo da wata sutura da iyayenmu ba su san ta ba. Samanta riga ce mai wuya da hammata amma ba hannu, ƙasanta kuwa buhu ne a rufe, ana zuge ta da zif. Faransawa na kiran ta gigoteuse ko turbulette, mu kuma a nan za mu kira ta jakar barci. A gidaje da dama ta zama abin ja-in-ja. Amarya mai cikin fari ta gan ta a waya, ta ji an ce ita ce lafiyar jariri, sai ta sa ta a jerin kayan haihuwa. Kaka kuma ta ce ita 'ya'ya tara ta yi wa reno da zanen goyo da bargo, ba ta taɓa cusa ko ɗaya a buhu ba. Shi kuwa mai gida yana tsakiya, ga ragon suna a gabansa, ga goro, ga kayan maijego, ga kuma wannan sabon abu da bai san amfaninsa ba.

Amsarmu a taƙaice ita ce: duk amfanin jakar barci yana cikin abu guda, wato tana raba fuskar jariri da bargo. A garin sanyi irin namu, wannan amfani ya isa a sayi mai sauƙin kuɗi ko a ɗinka ta wajen tela. A garin zafi kuwa, mafi yawan watannin shekara ba a bukatar ta. Kuma ko a ina mutum yake, akwai abubuwan da suka riga ta a layi. Ga dalilanmu.

ABIN DA YA SA TA SAMU KARƁUWA

Akwai wata musiba da likitoci ke kira mutuwar fuju'a ta jarirai. A kwantar da jariri lafiya ƙalau bayan ya sha nono, a wayi gari a tarar ya cika, ba ciwo, ba kuka, ba wata alama. Ta fi aukuwa tsakanin wata 2 zuwa 4 da haihuwa, kuma kimanin 9 cikin 10 na waɗanda take ɗauka ba su wuce wata 6 ba. A wani taro da aka yi a birnin Siyatil na Amurka a shekarar 1969 ne masana suka raɗa mata sunan da aka san ta da shi yau.

A wancan zamani likitocin Turai da Amurka da yawa suna cewa a kwantar da jariri rub da ciki, wai don kada ya ƙware da tumbuɗi. A shekarar 1987 wani likitan yara a ƙasar Holan mai suna Guus de Jonge ya fito ya gargaɗi iyaye cewa wannan kwanciya tana da hannu a mutuwar. Ingila ta yi shelar kwantar da jarirai rigingine a 1991, Amurka da Faransa suka yi tasu a 1994. Sakamakon ya ba kowa mamaki. A Amurka, inda ake rasa jarirai kimanin 130 cikin kowane 100,000 da aka haifa a 1990, adadin ya sauko zuwa kimanin 38 a 2020. A Faransa ma mutuwar ta ragu da kusan kashi 75 cikin 100 a cikin shekarun 1990. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Juya jariri kawai aka yi, bayansa ya koma ƙasa.

Bayan kwanciyar rub da ciki, bincike ya gano wasu abubuwan da ke ƙara haɗarin: shimfiɗa mai laushi da fuska ke nutsewa a ciki, matashin kai, bargon da ke hawa kan fuska, zafin da ya yi yawa, da hayaƙin taba. Jariri ɗan wata 3 yana da ƙarfin shure-shure har ya jawo bargo kansa, amma ba shi da dabarar janye shi. Idan fuskarsa ta rufu sai ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar, zafi kuma ya taru a jikinsa, domin ta kai da fuska ne jariri ke fitar da zafi mai yawa. A nan ne jakar barci ta shigo. Tun da a kafaɗa take rataye, ba ta hawa fuska, ba ta zamewa ta bar yaro a buɗe da asuba, tana kuma ɗan jinkirta masa juyawa rub da ciki. Wani bincike da aka buga a Holan a 1998 ya nuna cewa haɗarin ya fi ƙanƙanta ga jariran da ke kwana cikin irin wannan jaka ta auduga. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta fifita sutura mai ɗumi ko jakar barci a kan lulluɓa bargo.

Sai dai a lura da kyau: babban rabo na rayukan da aka tsirar ya zo ne daga kwanciyar rigingine, wadda ba a biyan ko sisi a kanta. Jaka mataimakiya ce kawai.

MATSAYIN MUSULMI

Wani zai ce ai rai da ajali na Allah ne, jaka ba ta ƙara wa kowa kwana. Gaskiya ne, babu Musulmin da ke shakkar haka. Amma wanda ya ƙaddara ajali Shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure sannan ya dogara. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, kuma ɗa amana ne a hannun iyayensa. Malamanmu na fiƙihu tun da can sun yi magana a kan matar da barci ya ɗauke ta ta danne ɗanta ya rasu, suka sanya mas'alar a babin kisan kuskure. Ke nan haɗarin da ke cikin shimfiɗa sananne ne a littattafanmu tun kafin likitocin zamani su ƙidaya shi.

Abu Dawuda da Tirmizi sun kuma ruwaito hani a kan kwanciyar rub da ciki. Amma akwai wani wuri da ake samun ruɗani. Kwanciya a gefen dama sunna ce ga babba da yaron da ya yi wayo, sai wasu iyaye su kwantar da jariri a gefensa na dama da niyyar koyi da sunna, har su tokare shi da matashi ko naɗaɗɗen zane. Jariri ba mukallafi ba ne, kuma kwanciyar gefe ba ta da tabbas gare shi, motsi kaɗan zai yi ya kife. Matashin da aka tokare shi da shi ma wani haɗarin ne. A kwantar da shi rigingine har ya cika shekara. Idan ya kai ga juyawa da kansa gaba da baya, a fara kwantar da shi rigingine, a bar shi ya zaɓi inda zai juya.

Muna kuma tunatarwa cewa wannan mutuwa tana iya zuwa ko da uwa ta yi duk abin da ya kamata. Wadda Allah Ya jarrabta da ita ta'aziyya take bukata. Ɗora mata laifi, ko zargin kishiya ko maƙwabciya da maita, zalunci ne a kan zalunci, kuma ya sha raba zumuncin da ba ya sake ɗinkuwa.

KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI

Meiganga tana kan tudun Adamawa ne, tsayinta daga teku ya kai kimanin mita 1,000, Ngaundere ma ta ɗan ɗara haka. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, akan samu dararen da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15 gab da asuba. Duk wanda ya fita sallar asuba a wannan lokaci ya san abin da muke nufi. A tsakiyar damina ma, musamman Yuli da Agusta, akan yi darare masu sanyi da laima. Amma da zarar mota ta gangara daga tsaunin Ngaundere ta nufi kwarin Binuwai, an shiga wata duniya. Garwa tana ƙasa sosai, kuma a Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40, daren ma ba ya kawo wani sauƙi na a zo a gani. Marwa da Kuseri su ma haka.

Su kuwa waɗannan jakunkuna, yawancinsu an ɗinka su ne domin ɗakunan Turai, inda ake ba iyaye shawarar riƙe ɗakin jariri tsakanin digiri 16 zuwa 20. A jikin da yawa daga cikinsu akwai wata lamba da ake kira TOG, ma'aunin ɗumin yadi ne da aka ƙirƙiro a Ingila. Mai lamba 2.5 ta ɗakin da ke tsakanin digiri 16 zuwa 20 ce. Mai lamba 1 ta ɗakin da ke tsakanin 20 zuwa 24. Mai lamba 0.5, wadda ba ta wuce kaurin zane ɗaya ba, ta ɗakin da ke tsakanin 24 zuwa 27. Idan ɗaki ya haura digiri 27, shimi da ƙunzugu sun wadatar. Wanda ya sayi mai lamba 2.5 ya zuge jariri a ciki a Garwa cikin watan Afrilu, ya saya wa ɗansa wahala da kuɗinsa, domin zafi mai yawa yana cikin abubuwan da ake gudu. A can, mai lamba 0.5 ko 1 na iya yin amfani a 'yan makonnin hunturu, sauran shekara kuwa a akwati za ta zauna.

Kuma zafin cikin ɗaki ake dubawa, wanda sau da yawa ya bambanta da na tsakar gida. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa yana riƙe ɗumi har safe. Ɗakin kwano marar silin yana gasa mutum da rana, ya huce sarai da asuba. Ɗakin da mutum huɗu ke kwana a ciki ya fi wanda uwa da ɗanta kaɗai ke ciki ɗumi. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya bi ƙa'ida mai sauƙi: abin da babba ya sa ya ji daɗi a ɗakin, a ƙara wa jariri sutura ɗaya marar nauyi a kai. In ana son a san ko ya ji zafi, a taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. Hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko da jikinsa daidai yake, kuma wannan ne ke yaudarar iyaye mata su yi ta jibga masa shawul a kan shawul. In ƙirji ya yi gumi, a rage sutura.

SHIMFIƊAR UWA

A gidajenmu jariri a gefen uwarsa yake kwana, kuma ƙalilan ne ke da gadon jariri na daban. Likitocin Amurka suna ganin mafi aminci shi ne ɗaki ɗaya amma shimfiɗa daban, aƙalla har wata 6. Hukumomin lafiya na Ingila kuwa, da suka ga iyaye da yawa ba za su daina kwana da jariransu ba, sai suka gindaya sharuɗɗa: katifa mai tauri, babu matashi ko bargon manya kusa da yaro, babu wani yaro a gefensa, babu rami tsakanin katifa da bango. Suka kuma ce kada a haɗa shimfiɗa sam idan ɗaya daga cikin iyaye na shan taba ko abin maye ko maganin da ke sa barci mai nauyi, ko idan jaririn bakwaini ne, ko an haife shi bai kai kilo 2.5 ba. Barci da jariri a kan kujerar falo kuwa ya fi kowanne haɗari.

A wannan wurin ne muke ganin jakar barci ta fi yi wa mutanen Adamawa amfani. A daren hunturu uwa takan jawo jariri cikin babban bargonta don tausayi. Tana barci bargon ya hau, shi kuma yana can ƙasa, a daidai ƙirjinta. Idan yana cikin jakarsa, yana da ɗuminsa na kansa, sai ya kwanta rigingine a gefenta a wajen bargo, ita kuma ta tsayar da nata a ƙugu ta sa riga mai kauri. In ya farka shan nono ba sai an tuɓe shi ba, in ya ƙoshi a mayar da shi yadda yake.

Amma jaka ba ta ɗanyen jariri ba ce. Yawancin masu ɗinka ta suna cewa sai yaro ya kai kilo 4, domin wanda bai kai ba kansa na iya zamewa ta wuyan rigar ya shige ciki. A kwanakin farko abin da ke tsare jariri daga sanyi shi ne a goge shi da zarar an haife shi, a jinkirta wanka har awa 24 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a sa masa hula a wannan ɗan lokaci. Bakwaini kuwa ba shi da jakar da ta kai ƙirjin uwarsa. Dabarar ɗaure shi a ƙirji fata da fata, wadda aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, ita ce Hukumar ta ce a 2022 a fara yi masa nan take bayan haihuwa, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Idan yaro ya yi ƙwari, hula ta fita waje ce, a cire ta lokacin barci a ɗaki.

ABUBUWAN DA SUKA RIGA TA A LAYI

Na farko gidan sauro. Jakar barci tana barin fuska da hannuwa a waje, sauro kuwa ba ya bukatar fiye da haka. A ranar 22 ga Janairu 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jerin rigakafin yara na yau da kullum, amma sai yaro ya kai wata 6 ake fara yi masa. Kafin nan, da ma bayan nan, gidan sauro mai magani shi ne garkuwarsa. Gwamnati ta fara rabon sa kyauta a faɗin ƙasa tun 2011. A ɗaure shi sama, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, kada ya sauko kan fuskar yaro.

Na biyu kashe wuta. Al'adarmu ce a sa wa maijego kaskon garwashi a ɗaki, a rufe ƙofa da taga don kada sanyi ya shige ta. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mutum yana barci, kuma jariri ya fi kowa saurin faɗawa. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. A ɗumama ɗaki da yamma taga a buɗe, a fitar da kasko kafin barci. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi su ma a nisanta su da jariri, mai shan taba kuma ya sha a waje. In har jakar barci ta sa wani gida ya daina kwana da garwashi saboda jariri, to ta biya kuɗinta ninkin ba ninkin.

Na uku awo, haihuwa a asibiti, rigakafi da shayarwa. Tsarin Chèque Santé, wanda aka fara a 2015 a yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa a kan sefa 6,000, an yi shi ne domin ya ɗauke wa mai ciki nauyin awo da haihuwa da kulawar makonnin jego. Mai gida ya tambayi asibitin da ke kusa da shi yadda ake shiga. Nonon uwa zalla har wata 6 da cika allurar rigakafi, bincike ya nuna duka suna rage haɗarin mutuwar fuju'a. Wanda kuɗinsa ba su isa komai ba, ya fara da waɗannan.

LISSAFIN ALJIHU

Jariri yakan zo duniya da tsawon kimanin santimita 50, ya kai wajen 75 idan ya cika shekara. Jakunkunan da ake sayarwa sukan zo da tsawon santimita 70 na wata 6 na farko, da 90 na bayan haka. Saboda haka kafin a saya a ƙirga watanni. Wanda aka haifa a Satumba ko Oktoba zai shiga hunturu yana ɗan wata 2 zuwa 4, daidai lokacin da haɗari ya fi yawa kuma aka fi jibga bargo. Irin wannan shi ya fi cancanta a nema masa ƙarama mai ɗumi. Wanda aka haifa a Maris ko Afrilu, marar nauyi za ta yi masa amfani a damina, amma kafin hunturu ya fi ƙarfinta, sai babba. Sayen mai kauri ƙarama domin ɗan Maris asarar kuɗi ce.

Kuma ɗaya ba ta isa, domin fitsari da tumbuɗi ba sa jiran ta bushe, a damina kuwa yadi mai kauri yakan kwana biyu a igiya. A tanadi biyu. A shanya a igiya cikin rana, a kuma yi guga, saboda akwai wani ƙuda a yankinmu da ke yin ƙwai a kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta zama maruru.

Babu dole sai ta kanti. Ɗinkin ba shi da wahala, telan da ya iya rigar yara zai iya shi in an kai masa samfur. Yadin auduga ninki biyu ya wadatar a yawancin dararenmu, a ƙara riga mai dogon hannu a ciki in sanyi ya tsananta. Ƙasar Garwa ƙasar auduga ce, can ne cibiyar kamfanin SODECOTON da aka kafa a 1974, don haka bai kamata auduga ta zama baƙuwa ga jariranmu ba. Jaka mai kyau tana iya yi wa 'ya'ya biyu ko uku aiki, ta kuma zaga gidajen 'yan uwa. Masu zuwa barka ma, maimakon a tara wa maijego shawul goma iri ɗaya, wata gwaggo ko inna ta ɗauki nauyin ɗinka wannan.

Ko saya za a yi ko ɗinkawa, ga abin da za a duba. Wuya ya zauna daidai, yadda kan yaro ba zai iya shigewa ciki ba idan an zuge. Hammata kada ta yi faɗin da hannu zai koma ciki. Kada ta kasance mai hula haɗe. Kada a sa mata igiya, ko ƙyalƙyali, ko maɓallin da zai iya cirewa ya shiga baki, haka nan kada a bar wata igiya a wuyan yaro lokacin barci, ta laya ce ko ta abin tsotso. Kan zif ya zama a rufe don kada ya karce haɓa. Ƙasanta ya zama mai faɗi, yadda ƙafafu za su tanƙware su buɗe kamar na yaron da aka goya, domin matse ƙafafun jariri a miƙe yana cutar da ƙugunsa. A guji yadin roba mai sa gumi, wanda kuma ke narkewa a fata in wuta ta taɓa shi. A kayan gwanjo a duba ɗinki da zif, a wanke da ruwan zafi. Akwai kuma wasu da aka cusa wa abu mai nauyi a ƙirji wai don yaro ya yi dogon barci. Likitocin Amurka sun yi gargaɗi a kansu a 2022, kuma manyan kantuna a can sun daina sayar da su a 2024. In an gan su a dila a bar su, ko da kyauta ne.

Abu na ƙarshe, kada a haɗa jaka da bargo, domin yin haka ya rushe dalilin sayen ta. Yaron da ke zazzaɓi kuma ba a zuge shi a jaka. In bai kai wata 3 ba kuma zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa a daren, ba a jira safiya ba.

WANDA BA ZAI SAYA BA

Kada wanda ba shi da hali ya ji cewa ya gaza wa ɗansa. A sa wa yaro shimi, da riga mai haɗe da wando, da safa, wannan ya isa a darare da yawa ba tare da bargo ba. In yana da shimfiɗarsa daban kuma dole sai an rufa, a sauko da shi ƙafafunsa su taɓa ƙarshen gado, a ɗauki mayafi marar nauyi a cusa gefunansa da ƙasansa ƙarƙashin katifa, kada ya wuce kafaɗa. Naɗe jariri da zane kuwa a daina shi da zarar ya fara yunƙurin juyawa, wanda yakan zo wajen wata 3 ko 4, wani lokaci ma kafin haka.

Muna roƙon iyayenmu mata da kakanninmu, waɗanda su ne ke riƙe maijego a kwana arba'in, su karɓi wannan magana da kyakkyawar fahimta. Babu mai musun ƙwarewarsu, a hannunsu muka tashi. Su ma Turawan da suka kawo jakar, sai da suka rasa dubban jarirai kafin suka gane cewa shawarar likitocinsu ta rub da ciki kuskure ce. 'Yan mata masu haihuwar fari kuma su yi bayani cikin ladabi, kada su mayar da abin da suka gani a waya sandar dukan surukai. Magidanta su tuna cewa tufatar da uwa da ɗa nauyi ne da Alƙur'ani ya ɗora musu gwargwadon hali, kuma almubazzaranci da ƙwauro duka abin zargi ne.

Saboda haka, ga mazaunin Meiganga, Ngaundere, Tibati, Banyo ko Tinyer wanda jaririnsa ya kai kilo 4 kuma sanyi na tafe, jaka biyu na auduga sun cancanci kuɗinsu, bayan an tanadi gidan sauro da shimfiɗa mai tauri. Ga mazaunin Garwa ko Marwa, marar nauyi ta 'yan makonnin hunturu ta isa, in ya bari ma bai yi asara ba. Ga kowa da kowa kuma: rigingine, fuska a buɗe, wuta a waje.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa tafarkin Musulunci, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba waɗanda suka rasa 'ya'yansu haƙuri da lada, Ya sa su zame musu masu ceto ranar gobe ƙiyama. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.